Ƙarar Rufe Baki: Tambayoyi da Amsoshi kan Kamfanonin da ke Maka Masu Fafutuka a Kotu

Waɗannan su ne tambayoyin da masu kare muhalli, shugabannin ma'aikata, 'yan jarida da masu bincike suka fi yi idan babban kamfani ya yi musu barazanar ƙarar ɓata suna. Kowace ƙasa da irin dokarta, shi ya sa duk inda aka ambaci wa'adi ko ƙa'ida an haɗa da sunan ƙasar da take aiki. Wanda sammaci ya riga ya iso hannunsa, lauyan ƙasarsa zai nema tun yau.

Mece ce ƙarar rufe baki?

Ƙara ce da mai ƙarfi ke shigarwa a kan wanda ya soke shi game da abin da ya shafi jama'a, da niyyar gajiyar da mai sukar har ya yi shiru. Lauyoyi suna kiranta SLAPP, sunan da malamai biyu na Jami'ar Denver a Amurka, George Pring da Penelope Canan, suka raɗa mata a shekarun 1980.

A rubuce, ƙarar ɓata suna ce kamar kowace. Daga halayenta ake gane ta. Diyyar da ake nema ta wuce abin da wanda ake ƙara zai iya tarawa a duk rayuwarsa. Ana tsallake jaridar ko ƙungiyar da ta wallafa maganar a kama mutum ɗaya da sunansa. Ana shigar da ƙararraki da yawa a kan magana ɗaya, wani lokaci a kotuna masu nisa da juna. Sannan akwai tayin da ke biyowa ta bayan fage: ka janye, ka ba da haƙuri, ka sa hannu ba za ka ƙara magana a kanmu ba, mu kuma mu yafe kuɗin. Wannan tayin ya fi komai tona asirin manufar.

Idan kamfanin ya san zai iya faɗuwa a kotu, me zai sa ya kashe kuɗinsa?

Domin abin da yake bukata yana cikin shekarun da ke tsakanin sammaci da hukunci. A wajen kamfani kuɗin lauya wani layi ne a kasafin shekara, kuma manajan da ya ba da umarnin shigar da ƙarar ba daga aljihunsa zai biya ba, ba kuma shi zai riƙa sintirin kotu ba. A wajen ƙungiya mai ma'aikata shida, ko malamin makarantar da ya yi magana a taron jama'a, kowane zama yana cin albashi, kowace takarda tana bukatar amsa cikin wa'adi, aikin da ya jawo ƙarar kuma ya tsaya cak.

Shari'ar McDonald's a Ingila ta nuna wannan ƙarara. A 1990 wannan kamfanin sayar da abinci ya aika wa mutum biyar sammaci saboda wata 'yar takarda da ƙungiyarsu ke rabawa a titunan Landan, mai ɗauke da zarge-zarge daga ƙarancin albashi har zuwa lalata dazuzzuka. Uku suka ba da haƙuri. Helen Steel da David Morris suka ƙi. A lokacin gwamnati ba ta ba da tallafin lauya a shari'ar ɓata suna, saboda haka su biyun suka tsaya wa kansu, da ɗan taimakon lauyoyi na kyauta, ciki har da Keir Starmer wanda daga baya ya zama firaminista. An fara sauraro a Yunin 1994, aka yi zama na kwana 313, hukunci ya fito a Yunin 1997. Alƙali ya ce wasu zarge-zargen gaskiya ne, kamar ƙarancin albashi da amfani da saurin ruɗuwar yara wajen talla, wasu kuma ba a tabbatar da su ba. Ya yanke diyyar fam 60,000, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 40,000. Ba su biya ba, kamfanin ma bai bi kuɗin ba. Sai a Fabrairun 2005 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ce hana su tallafin lauya ya tauye musu haƙƙin shari'ar adalci da 'yancin faɗin albarkacin baki.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin nasarar marasa ƙarfi, kuma lalle kamfanin ya sha kunya. Amma a yi lissafi: shekara 15 daga rayuwar mutum biyu, kuma uku cikin biyar sun miƙa wuya tun ba a shiga kotu ba. Ukun nan su ne abin da aka saba gani. Biyun ne baƙon abu.

Kamfani ba mutum ba ne. Yana da mutuncin da za a ɓata?

Yawancin ƙasashe sun yarda kamfani ya yi ƙara, domin sunan kasuwa dukiya ce kuma ƙarya tana iya karya shi. Akwai ma lokacin da ƙarar ke kan hanya. Dominion, mai ƙera injinan zaɓe, ya kai gidan talabijin na Fox News ƙara kan zargin maguɗin zaɓen Amurka na 2020, aka yi sulhu a Afrilun 2023 a kan dala miliyan 787.5. Babu mai hankalin da zai kira wannan ƙarar rufe baki.

Wasu ƙasashen sun taƙaita ƙofar. A Ingila da Wales, dokar 2013 ta ce kamfanin da ke neman riba sai ya nuna maganar ta jawo masa babbar asarar kuɗi, ko da alama za ta jawo; ɓacin ran shugabanni ba ya shiga lissafi. Ostireliya ta fi tsanantawa: tun 2006 kamfani mai ma'aikata 10 ko fiye ba ya iya ƙarar ɓata suna, in ban da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba. Sai dai akwai ɓarauniyar hanya. Shugaban kamfani zai iya yin ƙara da sunansa, kamfanin ya biya lauyoyi.

Gaskiya na faɗa. Wannan bai isa ya kare ni ba?

Gaskiya kariya ce a yawancin ƙasashe, amma sanin gaskiya daban, tabbatar da ita gaban alƙali daban. Abin da aka saba a shari'a shi ne mai da'awa ya kawo hujja. A tsarin Ingila da ƙasashe da yawa da suka gaji dokarta, ƙarar ɓata suna ta juya wannan: mai ƙara zai nuna an wallafa maganar, da shi ake, kuma tana zubar da daraja, daga nan doka ta ɗauka ƙarya ce har sai wanda ya faɗa ya tabbatar da ita. A Amurka nauyin yana kan mai ƙara. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1964 a shari'ar New York Times da Sullivan, jami'in gwamnati sai ya nuna mai maganar ya san ƙarya ce ko ya yi ko-in-kula da gaskiyarta. Daga baya aka faɗaɗa ƙa'idar ta haɗa da sanannun mutane, kuma sau da yawa kotuna kan sa manyan kamfanoni a wannan sahu.

Wurare uku ne mai gaskiya ya fi faɗuwa. Na farko shaidu. Ma'aikacin da ya ba ka labari a ɓoye ba zai tsaya a kotu gaban mai biyansa albashi ba, kai kuma ka yi masa alkawarin sirri. Na biyu hujjar da ta lalace tun a hanya: hoton da ba kwanan wata, ba alamar wurin da aka ɗauke shi, ko samfurin ruwa a robar da ba a rubuta komai a jikinta ba, ba wanda zai iya faɗin hannun wa da wa ta bi kafin ta kai ɗakin gwaji. Lauyan kamfani ba zai ce ruwan mai tsabta ne ba. Zai ce ba a san ruwan ina ba ne.

Na uku shi ne wanda mutane ba sa tsammani, wato ma'ana. Kotu ce ke yanke abin da maganarka take nufi a wajen mai karatu na yau da kullum, ba niyyarka ba. Kotunan Ingila sun raba zargi hawa uku: cewa an aikata laifin, cewa akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zargi, ko cewa akwai abin da ya kamata a bincika. Idan hujjarka ta hawa na uku ce amma kanun labarinka ya hau na farko, na farkon za a ce ka tabbatar. "Kamfanin ya zuba guba a kogi da gangan" yana bukatar ka tabbatar da gubar, da cewa daga kamfanin take, da kuma gangancin. "Gwajin ranar kaza ya nuna dalma ta wuce ƙa'ida a ruwan da ke ƙasa da bututun kamfanin" yana bukatar takardar gwaji kawai.

Wannan mataki yana iya zama alheri ga wanda ake ƙara. A Maris 2022 wata kotun Landan ta kori ƙarar da kamfanin haƙar ma'adinai ENRC ya shigar kan ɗan jarida Tom Burgis tun a matakin ma'ana, bayan alƙali ya ce mai karatu ba zai fahimci cewa kamfanin ake zargi da abin da ya yi ƙorafi a kai ba.

Idan na ce "a ganina" ko "an ce", na tsira?

A'a. "A ganina ya karɓi cin hanci" zargi ne, ba ra'ayi ba, domin abu ne da ko ya faru ko bai faru ba. Ra'ayin da doka ke karewa shi ne hukuncin da mutum ya yanke bisa wasu abubuwa na gaskiya da ya nuna wa mai karatu: ga albashin, ga awannin aiki, ni a wurina wannan zalunci ne. A dokar Ingila ta 2013 sharuɗɗan uku ne: maganar ta zama ra'ayi, ta nuna abin da aka gina ta a kai, kuma mutum mai gaskiya zai iya riƙe wannan ra'ayi bisa abin da ke akwai a lokacin.

"An ce" ma ba mafaka ba ce. A ƙasashe da yawa, wanda ya maimaita ƙazafi daidai yake da wanda ya fara shi, kuma tura saƙo ko sake yaɗa rubutun wani a Facebook wallafawa ce.

Za a iya ɗaure mutum a kan wannan?

A ƙasashen da ɓata suna laifi ne a kundin hukunta laifuka, e, kuma nan ne barazanar ta fi muni. Cibiyar Business & Human Rights Resource Centre ta tattara shari'o'i 355 masu alamun rufe baki da 'yan kasuwa suka tayar tsakanin 2015 da 2021, kuma fiye da rabi tuhumar laifi ce, ba neman diyya ba.

A Tailan kamfani yana iya shigar da ƙarar laifi kai tsaye ba tare da ya bi ta ɗan sanda ko mai gabatar da ƙara ba, kuma ɓata suna ta hanyar wallafawa yana ɗauke da ɗaurin da ya kai shekara biyu. Kamfanin sarrafa abarba Natural Fruit ya yi amfani da wannan a kan Andy Hall, Baturen Ingila da ya yi wa ƙungiyar Finnwatch ta ƙasar Finlan bincike kan halin ma'aikata baƙi, rahoton ya fito a 2013. An same shi da laifi a Satumbar 2016, aka yanke masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka da tara, ya bar ƙasar, sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi. Wata gonar kiwon kaji mai suna Thammakaset kuma ta shigar da ƙararraki fiye da 30 tun 2016 a kan tsofaffin ma'aikatanta 'yan Miyanma da waɗanda suka yi magana a kansu. 'Yar jarida Suchanee Cloitre an yanke mata shekara biyu a Disambar 2019 kan saƙo ɗaya a Twitter, kafin a soke hukuncin a 2020.

Dokar ƙasa da ƙasa tana gefen wanda ake tuhuma. Kwamitin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 2011 cewa ɗauri bai taɓa dacewa da ɓata suna ba. A Disambar 2014 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, a shari'ar ɗan jarida Lohé Issa Konaté da Burkina Faso, ta ce ɗaure shi ya saɓa wa 'yancin magana. Gana ta soke dokar da ta mai da ɓata suna laifi tun 2001, wata babbar kotu a Kenya ta rushe irinta a 2017. Amma a lura: inda aka soke tsohuwar dokar, sau da yawa dokar laifukan intanet ce ke maye gurbinta.

Wasiƙar lauyan kamfani ta iso. Me zan fara yi?

Kada ka amsa a ranar. Kada ka kira su a waya, kada ka fita intanet ka yi raddi cikin fushi. Abin da ka rubuta bayan wasiƙar ana iya kawo shi a matsayin shaidar ƙiyayya, kuma yana ƙara nauyin diyya.

Ka fara tantance abin da ke hannunka. Wasiƙar lauya daban, takardar kotu daban. Wa'adin awa 48 ko kwana bakwai da ke cikin wasiƙa lauyan ne ya ƙirƙire shi don ya firgita ka, kuma lauyanka zai iya rubuta layi biyu ya nemi ƙarin lokaci. Wa'adin kotu kuwa ba wasa: a kotunan tarayyar Amurka kwana 21 ne na amsawa, a Ingila matakin farko kwana 14. Wanda ya yi biris ana yanke masa hukunci a bayan idonsa, kuma kwance irin wannan hukunci ya fi amsawa a kan lokaci wahala da tsada. Ka rubuta rana da sa'a da yadda takardar ta iso gare ka, domin daga nan ake fara ƙirga.

Kada ka goge komai: imel, saƙonnin waya, rikodin murya, littafin da ka yi rubutu a fili, har da daftarin farko mai kurakurai. Goge hujja bayan barazanar ƙara yana sa alƙali ya ɗauka abin da aka goge ba ya gefenka. Sauke rubutu daga intanet na ɗan lokaci wani abu ne daban, wani lokaci ma dabara ce mai kyau, amma da shawarar lauya, kuma bayan an adana kwafinsa yadda yake.

Ku rage hirar shari'ar a tsakaninku a rubuce. Abin da ke tsakanin mutum da lauyansa doka ta kare sirrinsa, amma saƙonnin abokan aiki ana iya tilasta miƙa su ga ɗaya ɓangaren. Wasa ɗaya irin na "sai mun durƙusar da su" zai iya zama babbar hujjarsu. Idan ƙungiya tana da inshora, a sanar da kamfanin inshorar nan take, domin jinkiri yana soke haƙƙin biya a yarjejeniyoyi da yawa.

Sannan lauya, kuma wanda ya san wannan fanni. Tambayoyi uku za ka fara yi masa. Shin lokacin shigar da ƙara bai wuce ba? A Ingila shekara ɗaya ce, a Faransa wata uku kacal. Shin wannan kotu tana da hurumi? Shin akwai hanyar neman korar ƙarar tun da wuri, kuma yaushe wa'adinta ke cika? Ƙungiyoyi irin su Media Defence a Landan da Front Line Defenders a Dublin suna taimakawa da kuɗin lauya ko tallafin gaggawa.

Kafin mu wallafa, me zai rage haɗarin?

A ɗauki daftarin a ja layi ƙarƙashin kowace jimla da ke zargin wani da wani abu, a rubuta hujjarta a gefe: wace takarda, wane shaida, kuma zai yarda ya tsaya a kotu? Jimlar da gefenta ya zama fanko, ko a cire ta ko a sauke ta zuwa hawan da hujja ta kai. A tabbatar da ainihin sunan kamfanin. Uwar kamfani, reshenta da ɗan kwangilarta mutum uku ne a idon doka, kuma ɗora wa ɗaya laifin ɗaya kuskure ne mai tsada.

A rubuta wa kamfanin kafin wallafawa, a jera zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya, a ba shi lokacin da ya dace, a adana shaidar aikawa, a kuma sa amsarsa cikin rahoton da adalci. Kariyar "maslahar jama'a" da ke dokar Ingila da makamantanta tana duba yadda ka yi aikin, kuma bayanan da ka rubuta a lokacin sun fi abin da za ka tuna bayan shekara uku ƙarfi. Masu tsoron cewa wasiƙar za ta sa a hana su wallafawa su sani cewa tun 1891 kotunan Ingila ba sa hana wallafa magana idan mai ita ya ce zai tabbatar da gaskiyarta. Shi ya sa kamfanoni kan bi ta dokar sirrin kasuwanci ko ta kare bayanai idan hanawa suke so.

Abin da aka fi mantawa shi ne maganar baka. Rahoton da lauya ya tace yakan tsira, sai a kama mutum da taƙaitawar da ya yi a rediyo, ko kanun labari, ko rubutun kwalin zanga-zanga. Ɗaya daga ƙararrakin Andy Hall a kan hira ce da ya yi da Al Jazeera. A Afirka ta Kudu, cikin maganganun da kamfanin Mineral Commodities na Ostireliya da reshensa suka kai mutum shida ƙara a kansu, suna neman sama da rand miliyan 14, akwai waɗanda aka yi a lacca a Jami'ar Cape Town. Duk wanda zai yi magana da sunan ƙungiya a ba shi jimlolin da aka tace, ya tsaya a kansu.

Dokokin hana irin wannan ƙara yaya suke aiki?

Mai kyau a cikinsu tana yin abu uku: ta kawo hukunci da wuri, ta dakatar da kashe kuɗi kafin hukuncin, ta kuma ɗora wa mai ƙara kuɗin lauyan wanda ya ja. Dokar Kalifoniya ta 1992 ita ce abin koyi. Cikin kwana 60 da karɓar sammaci, wanda ake ƙara zai nemi a kori ƙarar. Da ya shigar da bukatar, matakin musayar takardu da yi wa shaidu tambayoyi, wanda shi ne ya fi cin kuɗi, ya tsaya. Zai nuna cewa maganarsa ta shafi al'amarin jama'a, daga nan nauyi ya koma kan kamfani ya nuna akwai yiwuwar ya yi nasara. Idan ya kasa, ya biya kuɗin lauya. Da wannan doka aka sa kamfanin katako Resolute Forest Products ya biya ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace sama da dala 800,000 a 2020. Lardin Ontario na Kanada, a dokarsa ta 2015, ya ƙara da awo: alƙali zai auna cutarwar da kamfani ya nuna da amfanin barin jama'a su yi magana.

Jihohin Amurka fiye da 30 suna da irin wannan doka, amma babu ta tarayya. Tarayyar Turai ta zartar da tata a Afrilun 2024, ta ba ƙasashe zuwa 7 ga Mayun 2026 su shigar da ita cikin dokokinsu, sai dai ta taƙaita ga shari'o'in neman diyya da suka tsallaka iyaka, alhali yawancin ƙararrakin na cikin gida ne. Ta Birtaniya ta 2023 ta tsaya kan maganar da ta shafi laifukan kuɗi. Indonesiya da Filifins suna da kariya ta musamman ga masu kare muhalli. A Afirka ta Kudu ba majalisa ce ta yi ba: a Nuwambar 2022 Kotun Tsarin Mulki, a shari'ar mutum shidan nan, ta amince cewa ana iya kare kai da hujjar cewa ƙarar cin zarafin tsarin shari'a ce.

Rauninsu ɗaya ne kusan ko'ina. Idan doka ta ce sai an tabbatar da muguwar niyyar kamfani, an buɗe wata sabuwar shari'a mai tsada a cikin ta farko.

To yaya aka yi aka yanke wa Greenpeace ɗaruruwan miliyoyi a Amurka?

Zaɓen kotu da zaɓen tuhuma. Kamfanin Energy Transfer, mai bututun man Dakota Access da ƙabilar Standing Rock Sioux da magoya bayanta suka yi wa zanga-zanga a 2016 da 2017, ya fara da kai Greenpeace kotun tarayya a ƙarƙashin dokar yaƙi da gungun masu laifi. An kori wannan a 2019. Sai ya koma kotun jihar Dakota ta Arewa, wadda ba ta da dokar hana ƙarar rufe baki, a gundumar da zanga-zangar ta auku. Ya haɗa ɓata suna da shiga fili ba izini, haɗa baki da katsalandan a harkar kasuwanci. A Maris 2025 masu taya alƙali hukunci suka yanke sama da dala miliyan 660, daga baya alƙali ya rage zuwa kusan miliyan 345. Kamfanin yana cewa ɓarna ce ya kai ƙara a kanta, ba magana ba. Greenpeace International kuma ta shigar da tata ƙarar a Amsterdam tana dogaro da sabuwar dokar Turai.

Wannan sauya riga ba a Amurka kaɗai ake yi ba. Rukunin kamfanonin Bolloré na Faransa ya nemi yuro miliyan 50 daga gidan talabijin France 2 ta kotun kasuwanci, maimakon ta dokar 'yan jarida ta 1881 mai tsauraran sharuɗɗa ga mai ƙara. Bai yi nasara ba.

Ni ba ɗan fafutuka ba ne. Ina ruwana?

Labarin da ke kare lafiyarka da aljihunka, kamar wane ruwa ne ya gurɓace, wane magani ne ke cutarwa, wane ma'aikaci ne ba a biya, daga bakin irin waɗannan mutane yake fitowa. Kowace ƙara kuma ba wanda aka kai kaɗai take yi wa magana ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: edita ya ajiye labari, masani ya ƙi sa hannu a rahoto, mai ba da tallafi ya janye. Wannan asara ba ta shiga kowace ƙididdiga, domin abin da ba a wallafa ba ba a ƙirga shi. Lokacin da aka kashe 'yar jarida Daphne Caruana Galizia da bam a Malta a Oktobar 2017, ƙararrakin ɓata suna fiye da 40 ne a kanta, 19 daga ɗan kasuwa ɗaya, kuma na neman diyyar suka koma kan magadanta.

Yin sulhu faɗuwa ce?

Ba lalle ba. Idan akwai kuskure na gaskiya a rubutun, gyara shi da wuri a fili yana rage diyya kuma yana ƙara wa sauran maganar ƙarfi. Wani lokaci kuma kuɗi ne kawai suka ƙare. Kamfanin haƙar zinare Barrick Gold ya nemi dalar Kanada miliyan 6 a 2008 daga wata ƙaramar maɗaba'a a Montreal, Écosociété, da marubuta uku, kan littafin da ya yi magana a kan kamfanonin ma'adinan Kanada a Afirka. A 2011 aka yi sulhu, aka daina buga littafin.

Abin dubawa shi ne rubutun yarjejeniyar. Gyara ya tsaya kan jimlar da ke da matsala, kada ya zama janye rahoton duka. A guji alkawarin yin shiru har abada game da kamfanin, da sharaɗin ɓoye cewa an yi sulhu, da duk abin da zai kai ga bayyana majiya. A tabbatar an rubuta cewa an rufe duk wata da'awa a kan wannan magana, har da ta rassan kamfanin da shugabanninsa, in ba haka ba wani zai taso da sabuwa.

Mu fito mu shelanta cewa an kai mu ƙara, ko mu yi shiru?

Galibi fitowa ta fi, domin irin wannan ƙara ta fi ƙarfi a ɓoye, kuma masu zuba jari ba sa son ganin sunan kamfaninsu a irin wannan labari. Kalmar "sirri" ko "ba don wallafawa ba" da lauyoyi ke bugawa a saman wasiƙa sau da yawa ba ta da wani ƙarfin doka. Hukumar da ke sa ido kan lauyoyi a Ingila da Wales ta gargaɗe su kan wannan ɗabi'a a Nuwambar 2022, kuma ana iya kai mata ƙorafin lauyan da ya wuce iyaka.

Sai dai a yi shi da tsari. A faɗi wanda ya kai ƙara, a wace kotu, nawa yake nema, da ranar zama. Kada a maimaita ainihin jimlar da ake shari'a a kanta sai lauya ya amince, domin kowace maimaitawa ana iya ƙirga ta a matsayin sabuwar wallafawa. Rahoton abin da aka faɗa a zaman kotu na fili yana da kariya a ƙasashe da yawa muddin daidai yake kuma an kawo ɓangarorin biyu. Inda kuma masu taya alƙali hukunci ne za su saurari shari'ar, a tambayi lauya iyakar abin da za a iya faɗa kafin zama, don kada a faɗa laifin raina kotu.